Kajina sun koyi shan ƙwansu, me zan yi?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya albarka a kiwon. Na karanta bayaninki har sau biyu, kince kina da kaji 14 a bayan gida, guda 9 jajayen nan na gona masu ƙwai sai 5 na Hausa da zakara ɗaya, da kina ɗaukar ƙwai 7 ko 8 a rana amma tunda zafin nan ya shigo da ƙyar kike tsira da 3, sai dai ki tarar wurin ya jiƙe da ɗan guntun ɓawo, kin cusa yaji a cikin ƙwai kin ajiye musu sun shanye tas, maƙwabciyarki kuma tace ko ki ƙona musu baki da wuƙa mai zafi ko ki yanke su gaba ɗaya ki huta.

Toh dan Allah ki ajiye wuƙar nan tukunna, da sauran magana. Na daɗe a harkar kajin ƙwai, nawa da na mutane da nake zuwa dubawa, kuma abinda na gani kusan ko'ina ɗaya ne, kaza bata tashi haka kawai tace bari na fasa ƙwai. Ƙwan farko da kanshi yake fashewa, ko ɓawon yayi siriri ko an taka shi ko ya faɗo kan siminti, ita kuma kaza duk abinda ta gani a ƙasa sai ta sa baki, ta ɗanɗana kwanduwa taji daɗi, sauran suka ga ɗaya tana gudu da abu a baki suka bita a guje, shikenan an buɗe makaranta. Idan kika yanka mai laifin amma ƙwai bai daina fashewa ba, ina tabbatar miki kafin wata ɗaya wata ta gaji sana'ar. Dan haka aikin farko shine hana ƙwan fashewa, maganar hukunci daga baya.

Amma kafin nan ki tabbatar kajin ne ma. Na sha zuwa gida a ce min kaji na shan ƙwai ashe gafiya ce ko ɓera, wani wurin hankaka, wani wurin guza, wani wurin ma karen gida. Idan ƙwai ya ɓace ɓat babu jiƙa babu ɓawo to ki fi zargin maciji ko gafiya ko kuma hannun mutum, tunda kaza bata iya shan ƙwai mai ɓawo ba tare da ta ɓata wurin ba. Aikin kaza ana gane shi, shimfiɗar zata yi danƙo ta manne, sauran ƙwan dake kusa zasu yi dabbare-dabbare da kwanduwa, in kika kama su ɗaya bayan ɗaya da rana kika duba zaki ga busasshiyar kwanduwa a baki ko gashin wuya ya ƙandare. Yadda kika kwatanta naki dai yafi kama da aikin kajin, musamman tunda sun shanye wanda kika sa wa yaji a gabanki.

Bari na daɗe a kan ɓawo dan anan gizo yake saƙar. Ɓawon ƙwai kusan kashi 95 cikin 100 ɗinshi wani sinadari ne mai ɗauke da kalsiyam, abin nan da ke gina ƙashi, irin wanda ke cikin dutsen laimiston da ɓawon katantanwa. Ƙwai ɗaya yana fita da kalsiyam wajen giram 2 daga jikin kaza, kuma ba duk wanda taci ne jikinta ke ɗauka ba, shi yasa mai ƙwai kullum take buƙatar wajen giram 4 a abincinta na yini. Yanzu ki dubi abinda muka saba watsa musu. Masara, dawa, gero, kalsiyam ɗin dake cikinsu bai taka kara ya karya ba, kaza ko ta cika maƙoƙo da tsaba tun safe har dare bata samu ko kashi ɗaya cikin goma na abinda take nema ba. Dusa kuma da muke ji da ita tafi yawa da wani sinadari daban da ake kira fosforos, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai. Kazar Hausa tana iya rayuwa a haka saboda tana yawo tana tone-tone, ta samu ƙwaro ta samu gara ta tsinci ɗan ƙashi da tsakuwa, sannan ƙwai 10 zuwa 15 take yi ta tsaya tayi kwanci jikinta ya huta ya tara. Su kuwa jajayen nan irin su Isa Brown ko Shika Brown ɗin da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, an gina su ne dan suyi ta zuba ƙwai kusan kullum, wata tayi kusan 300 a shekara in ta samu kulawa, in abinci bai kawo kalsiyam ba sai ta fara ciro shi daga ƙashinta, in ƙashin ya gaji sai ɓawo ya fara siriri. Kinga kaza irin wannan a kulle a bayan gida ana bata dusa da ragowar tuwo, wallahi tausayi take bani, ba mugunta ce ke sa ta shan ƙwai ba jikinta ne ke neman abinda ya rasa.

Sai kuma zafi, wanda kika ambata da kanki kuma kin kama bakin zaren baki sani ba. Daga Maris zuwa Mayu ƙorafin nan yafi yawa. Dalili biyu ne. Na farko in zafi yayi yawa kaza tana rage cin abinci, taci kaɗan kalsiyam ya shiga kaɗan. Na biyun shine wanda mutane basu cika sani ba, kaza bata gumi, in zafi ya dameta sai ta buɗe baki ta saki fukafukai tana haki, hakin nan yana fitar da iskar kabon mai yawa daga jininta, ita kuma iskar tana cikin abinda jiki ke haɗawa da kalsiyam ya gina ɓawo. Kenan ko da abincin yana da kyau, kazar da ta wuni tana haki ƙarƙashin kwano ƙwanta zai fito da ɓawo mara ƙwari. Ki gwada abu ɗaya yau da daddare, ki ɗauki ƙwan da kika tsira da su ki shiga ɗaki mai duhu ki haska tocilan waya ta bayansu, zaki ga tsaga siri-siri kamar gashi da ido bai gani da rana, ki shafa kuma kiji ko ɓawon yana da kaushi kamar yashi, ki fasa ɗaya ki murza ɓawon da yatsa. In ya marmashe ba wahala to kin samu amsarki.

Akwai ma wanda baki taɓa gani ba ina kyautata zato, wato ƙwai mara ɓawo, mai laushi kamar an ƙulla ruwa a leda. Irin wannan sau da yawa cikin dare ko da asuba yake sulluɓowa daga inda suke kwana ya faɗi ƙasa, kafin ki idar da sallah ki fito sun cinye shi babu ko alama. Da yawan kaji anan suke fara koyon sha.

Abinda zaki yi a ɓangaren abinci. Jajayen nan ki mayar da su kan abincin masu ƙwai na buhu, wanda ake cewa leyas, shi an haɗa shi da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100 da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 16 zuwa 18. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kenan guda 9 ɗinki kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ne kullum, buhu mai kilo 25 zai kai su sati uku da 'yan kwanaki. Na san tsadar abinci, ba sai an faɗa min ba, kuma na san dabarar da kowa ke yi ta haɗa shi rabi da rabi da dusa dan ya auku, amma ki sani duk sanda kika yi haka kin raba kalsiyam ɗin kusan biyu, abinda kika rage a buhu shi kike biya a ƙwai. In aljihu bai kai ba gara ki rage yawan kajin ki ciyar da kaɗan da kyau, ko kuma in dole sai kin haɗa to ki tabbatar akwai kalsiyam a gefe, ki ɗan ƙara musu abu mai gina jiki, garin ƙuli-ƙuli mara yaji da gishiri da yawa, gasasshen waken suya da aka niƙa, ƙananan busasshen kifi, gara in ana samu. Waken suya ɗanye kar ki basu, sai an soya ko an dafa.

Shi kalsiyam na gefe ki je wurin masu sayar da kayan haɗa abincin kaji kice laimiston ko oista shel, wato dakakken ɓawon kawa, kike so, suna aunawa a kilo kuma yana daga cikin mafi araha a shagon. Ki nemi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, kamar girman ƙwayar dawa, ba mai laushi kamar fulawa ba. Hikimar itace ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, wajen awa 20 daga ciki duk a ginin ɓawo suke tafiya, kuma yawancin aikin cikin dare ne lokacin da bata cin komai. Gari mai laushi yana wucewa da wuri, mai tsakuwa kuwa yana zama a ƙundu yana narkewa a hankali har asuba. Ki zuba shi a wani gwangwani daban ki ɗaure a jikin bango, kar ki cakuɗa a abincin kowa, mai buƙata zata je da kanta musamman da la'asar, zakara da 'yan tsaki basa buƙatar mai yawa, yawanshi ma yana lalata ƙodar 'yan tsaki.

Dan Allah ki kula da wannan, laimiston na abincin kaji daban, farar ƙasar da ake jiƙawa a shafe bango daban, waccan an ƙona ta tana cin fata, zata ƙona musu baki da maƙogwaro. Kanwa ma ba kalsiyam bace, na ga masu jiƙa ta a ruwan kaji da sunan ƙarfafa ƙwai, in tayi yawa ma zata iya sa su zawo.

Ɓawon ƙwan da kike amfani da shi a kicin kuma kar ki ƙara zubarwa, amma kar ki kuskura ki jefa musu shi ɗanye rabi-rabi da sauran farin ƙwai a jiki, wannan kamar kin ɗauki allo kin koya musu ne. Ki tara, ki shanya ya bushe ƙarau, ki ɗan gasa a tsohon kasko ko murfin tukunya har warin ya fita, ki daka sama-sama a turmi yadda ba zai yi kama da ƙwai ba sam, sannan ki zuba a gwangwanin. Yana taimakawa sosai sai dai shi kaɗai baya isa, tunda abinda ya fita ne kike mayarwa kuma ba duka jiki zai ɗauka ba. Su samu hasken rana ma ko na safe ne, bitamin D ke sa jiki ya iya ɗaukar kalsiyam ɗin, kajin da ke kulle a ɗaki mai duhu dare da rana akan dusa zalla basa samu.

Ruwa kuwa kar ya yanke ko na awa ɗaya. Kashi uku cikin huɗu na abinda ke cikin ƙwai ruwa ne, kaza mai ƙishi in ta samu fasasshen ƙwai ta samu abin sha. Ki ajiye mazubin a inuwa, ki canza da azahar da ruwan randa mai sanyi dan ruwan da ya wuni a roba cikin rana basa sha, ki basu abinci da sassafe da kuma yamma lis sanda gari ya huce, in rufin kwano ne ki ɗora kara ko zana a sama, ki bar iska tana ratsawa.

Yanzu wurin yin ƙwan. Baki faɗa min yadda naki yake ba amma bari na faɗi abinda na saba tararwa, kwali ɗaya ko tsohon baho a lungu, babu komai a ciki ko ɗan tsumma ɗaya, kaji uku sun cusa kansu lokaci guda kowa na tattaka na kowa. Kaza idan zata saki ƙwai tana ɗan miƙewa tsaye, ƙwan faɗowa yake yi, in ƙasan siminti ne ko kan wani ƙwan ya faɗa to dole ya tsage. Ƙa'idar itace gurbi ɗaya ga kaji 4 ko 5, ke dai ki yi 4 tunda kina da na Hausa masu kwanci da zasu riƙe wuri. Girman kowanne kamar santimita 30 ta kowane ɓangare, ba sai kin kira kafinta ba, jarkar mai lita 25 in aka wanke aka yanke gefe ɗaya aka bar ɗan baki a ƙasa dan kar shimfiɗa ta zube tayi daidai, tsohuwar tukunyar ƙasa babba a kwantar da ita ma tana yi, har tafi sanyi a wannan lokacin. Ki zuba shimfiɗa mai kauri, tsawon yatsa ko fiye, buntun shinkafa ko ƙuraren katako daga wurin masu yankan katako ko busasshiyar ciyawa mai laushi. Suna tonewa, dan haka duk kwana biyu ki sa hannu kiji ko ƙasan ya fito.

Sannan duhu. Wannan ƙaramin abu ne amma aikinshi babba, kaza da ido take farauta, abinda bata gani sosai ba bata cika sara ba, kuma ita kanta mai yin ƙwan tafi son lungu mai duhu inda ba mai damunta. Ki juya bakin gurbin ya kalli bango ko ki rataya tsohon buhu a ƙofar ki tsaga shi biyu kamar labule. Ranar farko ki ɗage gefe ɗaya har su saba. Sai dai ki riƙa haskawa kafin ki zura hannu, wuri mai duhu da sanyi da ƙwai a ciki gamsheƙa ma tana sonshi. Kar gurbin ya fi sandar da suke kwana a kai tsawo, in ya fi zasu koma kwana a ciki suyi kashi su fasa na asuba. Ki duba ƙuma da kwarkwata a shimfiɗar, kazar da ƙwari ke cizo bata zama lafiya, tana ta juyi tana tattaka ƙwai, wata ma ta gudu ta koma yi a tsakar fili inda kowa zai gani.

In ƙwai ya fashe kar ki barshi ko minti biyar, ki kwashe har shimfiɗar da ta jiƙe ki kai nesa, ki goge sauran ƙwan da ya shafa.

Sai ɗaukar ƙwai, wanda shine maganin da yafi kowanne saurin aiki kuma kyauta ne. Yawancin kaji suna yin ƙwai ne daga safe zuwa azahar. Na sati biyu masu zuwa ki ɗaure ki riƙa leƙawa akai-akai, ƙarfe 8, ƙarfe 10, 12, ƙarfe 2, sai kuma kafin magariba, in kina fita aiki ki ɗora wa wani yaro mai hankali, da yaji kyarkyara ya je ya ɗauke. Sabo ne, in ta je sau goma bata samu komai ba zuwan yana raguwa. A gurbin kuma ki bar musu ƙwan ƙarya guda biyu-biyu, akwai na roba mai tauri da na katako a wasu shagunan kayan kaji, in babu ki samu dutse mai santsi mai siffar ƙwai ko kafinta ya fere miki katako a shafa farin fenti. Ki jefa ɗaya ko biyu ma a tsakar wurin. Zata sara ta sara ba abinda ya fito, bakin yayi mata zafi, a hankali ta yanke ƙauna. Yana kuma nuna wa sababbin 'yan matan kaji inda ake yin ƙwai.

Maganar yaji, ba laifinki bane kowa haka yake fara yi, amma tsuntsaye basa jin zafin barkono yadda mu da awaki muke ji, abinda ke sa harshenmu raɗaɗi su baya kama nasu, shi yasa zaki ga kaza tana cin barkonon da aka shanya hankalinta kwance. Kenan abinda ya faru kin fasa ƙwai da hannunki kin miƙa musu, darasin ya ƙara zama. Wasu na zuba abu mai ɗaci kamar ruwan maɗaci, wata kazar takan ja baya kwana biyu wata ko a jikinta, ni dai bana dogara da shi. Omo ko kalanzir ko fiya-fiya kuwa kar ki soma, guba ce, kuma ƙwan da naman ku zaku ci.

In kinyi duk wannan kwana 10 zuwa sati biyu, ɓawo yayi ƙwari amma har yanzu ana fasawa, to akwai gwana a cikinsu wadda ta riga ta iya fasa lafiyayyen ƙwai, sai a nemo ta. Na taɓa zama kan kujera 'yar tsugunno tun bayan sallar asuba a wani gida da suka rasa gane mai yi, wajen ƙarfe tara sai ga wata ja mai tsigaggen wuya ta bar abinci ta zo ta tsaya a bakin gurbi, bata shiga ba, ta karkata kai tana leƙen wadda ke ciki, tayi tsaye a wurin kusan minti ashirin. Waccan na miƙewa tun ƙwan bai bushe ba ta zura kai ƙarƙashinta, sara biyu ta huda shi, kafin na tashi guda huɗu sun rufa mata baya. Ita kaɗai ce mai fasawa, sauran 'yan cin ganima ne. In baki da lokacin zama ki ajiye ƙwai ɗaya a tsakiyarsu ki koma gefe, masu ɗan taɓawa su wuce ba su bane, wadda ta nufo shi kai tsaye ta ɗaga kai ta sara da ƙarfi ita ce. Ki ɗaura mata zare a ƙafa.

Ki ware ta ita kaɗai a keji ko akurki inda bata ganin gurbin sauran, da abinci mai kyau da ruwa da ƙwan ƙarya, nata ƙwan ki ɗauke da zarar ta yi, sati ɗaya zuwa biyu. Wasu suna mantawa wasu basa mantawa, gaskiya kenan. In kina son ki huta gaba ɗaya akwai gurbi mai gangare, kafinta zai iya yi miki, ana ɗan karkata ƙasan akwatin kaɗan yadda ƙwai na faɗowa zai gangara a hankali ta ƙarƙashin wani katako ya shige wani aljihu mai murfi da bakin kaza baya kaiwa, irin dabarar da ke jikin kejin manyan gonaki. A nan ba'a zuba buntu, sai a shimfiɗa guntun kafet ko tabarmar roba, a sa soso a inda ƙwan zai tsaya. Ga jajayen nan wannan yana kashe maganar, amma na Hausa da kike so suyi kwanci ki bar musu na ƙasa.

Ƙona baki da wuƙa kuwa ban goyi baya ba ko kaɗan. Bakin kaza ba farce bane, akwai jijiya da jini a ciki, da shi take ji take tsince take gyara gashinta. A manyan gonaki masu dubban kaji ana rage baki ne tun suna ƙanana da na'ura da wanda ya iya, ba babbar kaza a tsakar gida da wuƙar kicin ba. Na ga kajin da aka yi wa haka, jini yaƙi tsayawa, sun kwana uku basa iya ci, ƙwan ya tsaya cak, wata bakin ya warke a karkace har ta mutu bata iya tsintar tsaba ba. Dabba amana ce a hannunmu Hajiya. Iyakar abinda zan yarda da shi shine a ɗan goge tsinin ƙarshe, farin nan mai kaifi da babu jini, da abin gyaran farce, shi ma in akwai ma'aikacin dabbobi kusa gara shi ya yi, kuma yana sake tsirowa.

Wadda aka ware aka dawo da ita ta koma ruwa, to nan kam sabo da kaza baya hana yanka ta, ki yanka kuyi miya, ita ɗaya ba duka ba. Kar ki kai ta kasuwa ko ki ba wata tayi kiwo ba tare da kin faɗa ba, kin kai musu matsala gida kenan.

Na Hausan guda 5 kuma in kina tara musu ƙwai dan kwanci, kar ki bar shi jibge a gurbi ana hawa ana sauka a kai. Ki riƙa ɗaukewa kina rubuta kwanan wata da fensir, ki ajiye a wuri mai sanyi tsinin yana kallon ƙasa, kar ya wuce sati ɗaya a wannan zafin, ki bar mata na ƙarya. Randa ta zauna da gaske sai ki kai ta wani lungu ita kaɗai da daddare ki sa mata 8 zuwa 10 gwargwadon girmanta, ruwa da abinci kusa, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Mai kwanci in ta cinye ƙwai ɗaya da ya fashe ko ya lalace a ƙarƙashinta wannan ba hali bane, share gurbi take yi, kar ki hukunta ta.

Abu ɗaya da zai sa ki bar duk abinda na faɗa ki nemi likitan dabbobi da wuri, shine in kika ga ƙwan ya ragu farat ɗaya, yana fitowa a murɗe ko da ƙuraje ko jan ɓawon ya koɗe yayi fari, farin ƙwan ya tsinke kamar ruwa, ga tari ko minshari ko koren zawo ko wata tana karkata wuya. Wannan ba yunwar kalsiyam bace, cutar Niyukasul da wasu cututtukan numfashi suna lalata wurin da ake gina ɓawon, kuma haɗa na gona da na Hausa masu yawo wuri ɗaya yana sa su saurin ɗauka. In ba'a yi musu rigakafi ba ki tambayi maganin rigakafin Niyukasul mai suna Lasota ko I-2 na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom dake jihar Filato, ana maimaitawa duk wajen wata uku, amma masu lafiya ake yi wa ba wadda ta riga ta kwanta ba.

Ki kuma faɗa min shekarun jajayen. In irin waɗanda gona ta gama da su ta sayar ne, sun haura shekara ɗaya da rabi, to su dama ƙwansu yana ƙara girma ɓawon kuma baya ƙaruwa, dole yayi siriri, zai gyaru amma ba zai koma kamar na budurwar kaza ba, su sai kin fi yawan leƙawa da shimfiɗa mai kauri. Gobe dai ki fara da labulen buhu da buntu da zagayen ɗaukar ƙwai tunda basa buƙatar kuɗi, laimiston ɗin ki aika a siyo kafin jibi, bayan kwana 10 ki sake haska ƙwan da tocila ki gaya min abinda kika gani da kuma guda nawa kike ɗauka.